Dutsen Taimamar Jaddi: Daga Madina Zuwa Jarash

Asabar: Ƙuba zuwa Khaibar

Ƙarfe shida da minti ashirin, gari bai waye ba, muka tayar da mota a ƙofar gidanmu da ke Ƙuba. Ko in ce muka roƙe ta ta tashi, don motar Baba ta girme ni, sai ta yi tari sau bakwai kamar mai shirin huɗuba kafin ta yarda. Mu uku ne: Baba a sitiyari, mahaifinsa da muke kira Jaddi a gefensa, ni Anas a baya tsakanin bargo, jakar magani da keken marasa lafiya. Na huɗunmu dutse ne fari, bai fi tafin hannu biyu ba, a naɗe cikin tsohon rawani a kan cinyar Jaddi. Shi za mu kai gida.

Kaka ta rako mu har bakin mota. Ni take kira maigida, shi kuma tsohon nan. Ta ce, "Maigida, ka dawo mini da tsohon nan yadda na ba ka shi." Na ce ai can zan baro shi in huta da kishi. Kullum na faɗi haka sai ta kai mini duka. Ranar ba ta kai ba.

'Yan uwa na Maiwurno da na Kano, ku kuka dame ni da tambaya a waya, to ga labarin. Jaddi ya sha cewa Hausata kamar shayin da aka ƙara wa ruwa sau uku ce, a yi mini Hausa in amsa da Larabci. Shi ya sa na rantse da Hausa zan rubuta. Inda kuka ga ta miƙe, Umma ce ta gyara.

Dutsen nan duk wanda ya taɓa shiga gidanmu ya san shi. Ya tare ƙofa, ya wasa wuƙar layya, ni ma na taɓa fasa gyaɗa da shi na sha mari. Da ciwon suga ya kama ƙafar Jaddi, likita ya hana ruwa taɓa ta, sai dutsen ya samu ƙarin girma ya zama na taimama. A da akwai rubutu a jikinsa. Wani maƙwabci ya ce bai kamata a yi taimama a kan rubutun da ba a san abin da ya ce ba. Jaddi kuwa shekara arba'in yana goge marmara a gine-ginen Madina. Cikin rabin awa ya shafe rubutun da injinsa, dutse ya yi sumul kamar kumatun jariri. Tun daga nan, in ya idar da salla, sai mu ga yatsansa yana yawo a kan dutsen. Mun ɗauka tasbihi yake yi.

Bara ƙanwata Hafsa ta rasu tana da shekara huɗu. Aka kai ta Baƙi'a. Kun san kaburburan nan: tudun ƙasa da dutse, babu suna. Baba ya ƙirga taku daga bakin hanya don ya gane wurin. Bayan wata biyar muka koma mu uku, an yi sababbi ta kowane gefe, ƙirgen ya ɓace. Baba ya yi ta kai da komo har mai gadi ya zo ya riƙe masa hannu.

Da muka dawo gida Jaddi ya faɗa mana abin da ko Kaka ba ta sani ba. Yana saurayi, bayan hajjinsa na fari, ya bi wata babbar mota arewa neman aiki, ya yi leburanci a Jarash ta ƙasar Jodan, yana kwashe ƙasa da kwando a inda ake haƙo tsohon birni. Da zai dawo ya tuna hanya ba ruwa, sai ya tsinci ɓallin marmara don taimama, a ganinsa duwatsu ne birjik. Washegari aka tsayar da aiki ana nemansa. Ashe kusurwar allon kabarin wata yarinya ce 'yar shekara biyar, da rubutun Girkawa, kuma sunanta ne a kai. Kwana biyu suna tankaɗe ƙasa, har da shi a masu neman, dutsen yana cikin jakarsa. Kunya ta hana shi magana.

"Namu kaburburan haka addini ya ce a bar su, kuma Allah ya san inda kowa yake," in ji shi. "Amma uban waccan ya nemi a rubuta tasa. Ni na ɗauke."

Baba ya ƙi tafiyar iya ƙinsa. Ya ce rubutun ma babu shi, me za a mayar? Ga abin da ya fi wannan: shekara talatin da ɗaya Jaddi bai kwana a wajen Madina ba. Ko biki aka yi a Jidda ba ya zuwa, don kada mutuwa ta same shi a waje ya rasa Baƙi'a. Saboda ita ya baro Sudan. Yanzu ga ƙafa a kumbure, ga numfashi da ƙyar, ya ce zai yi tafiyar kilomita sama da dubu. Baba ya ce a aika da dutsen. Jaddi ya ce ba aike ya yi aka ɗauko masa ba. Wani malamin jami'a ɗan Zariya, maƙwabcinmu, ya rubuta wa masu kula da wurin. Takardun fita da shiga suka ci mako uku.

Ranar tafiyar, da muka zo allon da ke nuna ƙarshen haramin Madina, Jaddi ya ce a tsaya. Bai fita ba. Ya juyar da madubin Baba ya kalli Uhudu a baya, ya daɗe, sannan ya mayar da madubin a karkace ya ce mu je.

Ƙarfe takwas da rabi muka shiga Khaibar, kilomita kusan ɗari da saba'in. Duwatsun can baƙi ƙirin ne, kamar an soya ƙasar an manta ta a wuta. Muka karya da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis, riyal goma sha biyu. Muna ci wani dogo ya ji Jaddi yana yi mini faɗa da Hausa, ya taso da kofinsa. Malam Adamu ne, mutumin Chadi, mai aiki a gonar dabino. Cikin minti biyar sun gano cewa wani da ya san wani ya taɓa auren ƙanwar wani. Ya ce lallai mu tsaya a dawowa, zai ajiye mana dabino. Jaddi ya ce in Allah ya kai mu.

Khaibar zuwa Tabuka

Daga Khaibar zuwa Taima kilomita ɗari biyu da 'yan kai ne, ba komai sai raƙuma masu kallon mutum kamar ya zagi ubansu. A shingen bincike ɗaya aka duba takardun iƙamarmu aka ɗaga mana hannu. A Taima muka yi azahar. Yunwa ta sa na laluba jakar Jaddi, don na ga wani ƙunshi fari da na tabbata alkakin Kaka ne ta ɓoye mini. Na warware, sai ƙanshin kafur. Likkafaninsa ne, wanda ya wanke da zamzam tun kafin a haife ni.

Ya gan ni ta madubi. Ya ce, "Ɗan nema, naɗe mini kayana. Bai kai tsawonka ba." Na yi dariya don ya ji daɗi. Daga nan har Tabuka ban ƙara jin yunwa ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihi.

Mun isa Tabuka ana kiran magariba. Ɗaki biyu da kicin, riyal ɗari da hamsin. Sanyin garin ba na mutane ba ne. Na sa riga uku, wando biyu da safar Baba, na fito kamar buhun albasa. Mai masaukin ya kawo wa Jaddi hita ta biyu bai karɓi komai ba.

Lahadi: Kan iyaka zuwa Amman

Ƙarfe bakwai muka tashi, takwas da kwata muna kan iyaka, kilomita ɗari. Ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɗaya ɓangaren wani jami'i mai gashin baki kamar tsintsiya ya ga rawanin ya ce a buɗe. Na riga na ga kaina a kurkuku, gemu har ƙirji, Kaka ta auri wani.

Baba ya ce dutsen taimama ne na mara lafiya, kuma gaskiya ya faɗa. Jami'in har ya fara naɗewa. Sai Jaddi ya ce, da Larabcinsa na Sudan, "Ɗana, na ƙasarku ne. Satowa na yi, mayarwa zan yi." Baba ya rufe ido. Ni na fara salati.

Awa biyu muka yi a kan benci. Baba ya fito da wasiƙar, aka yi waya, aka sake yin waya. A ƙarshe mai gashin bakin ya dawo da takarda mai hatimi da kofin shayi, ya durƙusa ya miƙa wa Jaddi da hannu biyu, ya ce ya sa shi a addu'a. A mota Baba ya tambaye shi me ya kai shi. Ya ce ya yi shiru sau ɗaya a kan dutsen nan, ya ga abin da ya jawo.

Muka ci shinkafa da nama a Ma'an, da wata miyar nono mai tsami wadda har yanzu ban yanke hukunci a kanta ba. Jaddi cokali biyu ya ci. Amman muka shiga bayan la'asar, gari ne da aka gina a kan tsani, motar Baba ta hau kowane tudu tana kuka. Masauki dinari ashirin da biyar.

Litinin: Jarash

Kilomita hamsin, awa ɗaya. Ƙarfe tara muna bakin babbar ƙofa.

Duk wanda ya ce ɗakina a hargitse yake bai zo Jarash ba. Ginshiƙai a jere kamar ɗalibai a layin safe, wasu ba kai, wasu kan yana ƙasa an sassaƙa masa ganye kamar kabeji. Ga rabin ƙofa, ga kusurwar rufi, ga ƙafar mutum-mutumi ita kaɗai, mai ita ya tafi ya bar ta. Kowane ɓalli an rubuta masa lamba da fenti. Na tura keken Jaddi a kan titin dutse, haƙoransa na roba suna kaɗawa. Amma ya farfaɗo. Yana nuna mini inda suke zubar da ƙasa, inda suke cin abinci, yana shafa duk marmarar da muka wuce yana faɗin wanda ya iya aiki da wanda ya yi ha'inci, mutanen da suka mutu shekara dubu biyu da suka wuce.

Wadda ta amsa wasiƙarmu mace ce mai furfura da tabarau, kowa Ustaza yake ce mata. Ta kai mu wani ɗakin ajiya mai sanyi, kantoci har rufi, cike da ɓalle-ɓalle masu rubutu. Ta ce tun da ta ga hoton take nema, ta ware alluna uku da suka rasa kusurwa. Suna kan tebur. Jaddi bai ko kalli na farko da na uku ba. Ya warware rawanin, ya ɗora dutsen a kusurwar na biyu. Ya zauna daram, sai dai ya ɗan yi ƙasa da sauran, daidai kaurin abin da injin ya ci.

Ustaza ta shafa fuskar dutsen, ta ɗago shi ta duba a haske, ta juya shi. Ta tambaya a hankali ko akwai wanda ya ɗauki hotonsa kafin a goge. Babu. Ta karanta mana sauran allon: yarinya ce, ta yi shekara biyar, ubanta ne ya kafa mata. Ta ce an gode da aka dawo da shi, amma muryarta irin ta likitan da ya fito daga ɗakin Hafsa ce.

An kawo mana shayi. Jaddi ya tsoma yatsa a kofinsa ya fara zane a kan fuskar dutsen. Bai yi shakka ba. Ashe abin da yake yi bayan kowace salla ke nan. Bai iya karatun boko ba, balle na Girkawa, don haka ya ba kowane harafi suna. Yana zanawa yana faɗa mini da Hausa: bukka biyu a jere, gwafa, ludayi a tsaye, guduma, ƙofar masallaci. Kafin ya gama na biyar na farko ya fara bushewa. Ustaza ta ce ya sake. Ya sake, bai canza ko ɗigo ba. Ta auna da sauran haruffan allon, girmansu ɗaya.

"Mirto," in ji ta.

Jaddi ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ya gwada a bakinsa sau biyu, ya ce ashe gajere ne, shi da ya ɗauke shi shekara hamsin da wani abu. Ya dafa allon ya ce da Hausa, "Yarinya, ga abinki. Ki gaya wa babanki ya yafe mini." Baba ya fita waje. Na leƙa ta taga na gan shi ya jingina goshi da wani ginshiƙi, kafaɗunsa suna motsi. Tun ranar Baƙi'a ban ga ya yi kuka ba.

Ustaza ta ɗauko kati ta rubuta haruffan, ta ce za ta ƙara cewa daga ƙwaƙwalwar wanda ya ga rubutun aka samo su, don haka tana son sunansa. Jaddi ya ce a'a, ba a ajiye sunan ɓarawo kusa da na yarinya. Ta roƙa, ya ƙi.

A bakin mota ya ce in zazzage aljihuna. Na rantse ba komai. Ya ce ya san jininsa. Wani ɗan farin dutse ya faɗo, bai kai ƙwayar dabino ba, ban ma san yadda aka yi ya shiga ba. Ya sa na koma da gudu na ajiye shi inda na gan shi.

Talata da Laraba: Komowa

A Amman Jaddi ya ci rabin burodi, ya yi mini tsiya har na gaji. Muka ce sauƙi ya samu. Da muka ƙetare iyaka ranar Talata da azahar, numfashin ya fara sarƙewa. A Tabuka muka kai shi asibiti. Likita ya ce a kwantar da shi kwana uku aƙalla. Jaddi ya tambayi kilomita nawa ya rage. Aka ce kusan ɗari bakwai. Ya kwana ɗaya, da safe ya ce a cire masa robobin, gida zai je. Baba ya sa hannu a takarda.

Ban taɓa ganin Baba ya yi gudu irin na ranar ba, motar ma kamar ta gane, ko tari ba ta yi ba. A Taima lokacin azahar ya yi, Jaddi ya miƙa hannu gefen cinyarsa inda dutsen yake zama, ya tarar ba komai, ya yi murmushi. Na buɗe masa ƙofa ya sunkuya ya dafa ƙasar bakin titi. Da ya idar ya ce wa Baba, "In ban kai ba, inda na tsaya nan ne. Kada ku yi ta yawo da ni a mota yadda na yi da dutsen mutane." Baba ya ce za mu kai. Jaddi ya ce, "Na ji. Amma ka ji nawa."

Ni nake karanto masa allunan hanya. Madina ɗari uku. Madina ɗari biyu da hamsin. Ina rage ashirin-ashirin don ya ji daɗi, ya ce in daina ƙarya, ya san tsawon hanya. Ya tambaye ni haruffan. Na jero masa: bukka biyu, gwafa, ludayi, guduma, ƙofar masallaci. Ya ce Hausata ta fara nuna.

Ƙarfe huɗu saura minti goma, muna hango dabinon Khaibar, ya ce a tsaya ya sha iska. Baba ya tsaya a gindin wata bishiya. Na riƙe masa kai, Baba yana laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa sau biyu. Saura kilomita ɗari da saba'in.

Baba ya daɗe riƙe da makullin mota. Awa biyu ce kawai, kuma na san abin da yake tunani. Sai ya mayar da makullin aljihu ya ce in nemo lambar Malam Adamu.

Malam Adamu ya zo da kwalin dabinon da ya ajiye mana a bayan babur. Ya ajiye shi a ƙasa, ya shige gaba a komai: asibiti, takardu, masu wanka. Alhamis da hantsi motoci biyu suka iso daga Ƙuba da Anbariyya. Likkafanin ya yi masa daidai. Bayan azahar muka rufe shi a maƙabartar garin, ni na ɗauko baƙin dutse aka kafa a wajen kai. Ba rubutu. Baba bai ƙirga taku ba.

Alhamis: Gida

Ƙarfe biyar da rabi muka wuce allon harami. Madubin yana nan a karkace, Baba bai gyara shi ba duk tafiyar. Shida da minti goma muna ƙofar gida. Kaka tana zaune a kan dardumar Jaddi, gefenta ga shatin da dutsen ya bari a kafet. Na shirya maganganu tun daga Khaibar, duk suka gudu. Na ce, "Kaka, ban dawo miki da shi ba."

Ta ce, "Maigida, ya mayar?"

Na ce ya mayar.

Ta ce, "To, ka dawo da shi." Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu biyu. Muna gode wa malamin jami'a da ya rubuta wasiƙa, da mai hita na Tabuka, da mai gashin baki, da Ustaza, da Malam Adamu wanda ya ce duk Juma'a zai leƙa kabarin.

Saura abu ɗaya, Baba ma a nan zai fara ji. Da Jaddi ya kore ni in mayar da ɗan dutsen nan, ban tsaya nan ba. Na zarce ɗakin ajiya na faɗa wa Ustaza sunansa cikakke, har da na mahaifinsa, na tsaya sai da na ga ta rubuta a ƙasan na Mirto. Da na dawo ina haki ya tambaye ni me ya daɗar da ni, na ce ɓata na yi. Ya kalle ni ta madubi. Allah ya jiƙan Jaddi, ya jiƙan Hafsa, ni kuma ya yafe mini wannan.